Yadda Aka Haɗa Haruffan Nata'ala

Duk wanda ya taɓa kai saniya karar Sheme, kasuwar shanunmu, ya san Malam Nata'ala dillali. Wanda bai san fuskarshi ba ya san muryarshi, don tun daga bakin titi ake jin ta. Ni Mas'udu tare muka tashi da shi a Tafoki, tare muka yi kiwon awakin gida, tare muka sha bulalar malami ɗaya, tare kuma muka dawo Sheme muka kama dillancin shanu tun ba mu da gemu. Saboda haka in wani ya ce maku ya fi ni sanin Nata'ala, ku turo mani shi rumfar dillalai mu zauna.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, hularshi kullum a karkace. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da garke, bakinshi ne sana'arshi. Kuma ba yawan surutu nake nufi ba, wannan sashena ne, kowa ya shaida. Shi abin da ya iya shi ne ƙin amsa tambaya yadda aka yi mashi ita. Mai saye zai tsaya ya ce, za ka sallama a haka ko ba za ka sallama ba? Nata'ala ba zai ce i ba, ba zai ce a'a ba. Sai ya dafa tozon bijimin ya fara ba ka labarin uwarshi, da rugar da ya fito, da irin ciyawar da ya ci da damina, har ka manta da tambayarka ka shiga tashi hirar. Na sha yi mashi faɗa a kan haka, ina cewa yana ɓata mana rana. Sai ya ce duk wanda ya yi maka tambayar da amsarta i ce ko a'a, ya riga ya zaɓa maka hanya biyu ya toshe sauran, shi kuwa ba a toshe mashi hanya yana numfashi. Fulanin da ke kawo mana dabbobi suna son shi ƙwarai, don ba ya sallama dabbar mutum sai ya koma ya ji ta bakin mai ita, ko da mai sayen zai fashe don haushi.

Boko bai yi shi da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta fito mashi ya shiga ajin yaƙi da jahilci, wai don kada yara su riƙa karanta mashi saƙon abokan ciniki a waya. Na yi mashi dariya har na gaji, ƙato da gemu riƙe da fensir yana lasar baki. Ya bar ni da dariyata ya koya, ni ma daga baya na bi shi a ɓoye na koya. Matarshi ɗaya, Dada, ɗiyar wani manomi daga wajen Sabuwa, mace marar hayaniya. 'Ya'yansu da suka rayu biyu ne. Akwai Abdulgafar, ɗan fari, wanda Nata'ala bai taɓa kiran sunanshi ba saboda kunya, sai dai ya ce yaron nan na Katsina, don can yake aiki. Sai Suwaibatu, wadda ya tura karatun kwamfuta ana ta ƙananan maganganu a gari. Ta gama ta yi aure a Ƙanƙara, tana aiki a wani shagon buga takardu.

Shekarar da aka rufe kasuwannin dabbobi na yankinmu saboda rashin tsaro, aka kuma kashe layukan waya, ita ce ta karya shi. Mutumin da ya saba wuni a tsaye yana magana ya koma zaman ƙofar gida yana kallon titi. Wata safiya mun fito masallaci, ya sunkuya zai sa takalmi, sai kawai ya tafi gefe guda. Muka kwashe shi zuwa asibiti a Funtua. Aka ce hawan jini ne ya buge shi, ɓarin dama ya shanye, harshe ya tafi. Likitan ya ce hankalinshi garau yake, yana jin komai, yana gane komai, maganar ce dai ba ta fita. Hannun hagu yana motsi amma rawa yake yi, ko biro ba ya iya riƙewa. Wallahi ran nan na zagaya bayan asibiti na yi kuka, kuma ban damu da wanda ya gan ni ba.

Da aka dawo da shi gida, Abdulgafar ya zo da maganarshi. Ya ce zai ɗauke su, Baba da Dada, ya mai da su Katsina wajenshi, kusa da asibiti, nesa da fargabar da muke kwana da ita. Ni kuwa na ce ba a isa ba. Mutumin da duk rayuwarshi a Sheme take, abokanshi nan, masallacinshi nan, in an buɗe kara ko a kujera a kai shi ya shaƙi warin shanu ya ji daɗi, shi ne za a kai birni a rufe a ɗaki ya riƙa kallon fanka? Muka yi ta yi da yaron nan, yana ce mani Baba Mas'udu ka yi haƙuri, ina ce mashi ya riƙe haƙurinshi zai yi mashi amfani. Daga ƙarshe muka ce a tambayi mai abu. Abdulgafar ya durƙusa gaban gado ya ce in Baba ya yarda da tafiya ya gyaɗa kai. Nata'ala ya rufe ido. Ni ma na matsa na ce in zama yake so ya gyaɗa kai. Ya juya fuska bango. Na rasa dariya zan yi ko shaƙe shi zan yi. Yana kwance da rabin jiki, amma har yanzu ba za a zaɓa mashi hanya biyu ba.

Abdulgafar ya ce to, shi aiki na jiran shi. In an gama kaka zai dawo da mota, in har lokacin Baba bai nuna abin da yake so ba, shi ne babba, zai yi abin da ya ga ya fi. Ban ce yaron ya yi laifi ba, ɗa ne nagari. Amma abin bai kwanta mani ba. Nata'ala da ba ya sallama saniyar mutum sai ya ji ta bakin mai ita, a ce shi ne za a ɗauka a sa a mota ba a ji ta bakinshi ba.

Ana haka Suwaibatu ta zo jinya daga Ƙanƙara, da goyonta da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da mai shagonsu ya jefar a lungu. Ta ce da akwai layi, da ta sauko da manhajar da aka yi don masu irin wannan ciwon, to ba layi, ko kira ba a yi balle intanet. Don haka za ta rubuta da kanta. Akwai wata taga shuɗiya a cikin na'urar, ba hoto ba ado, inda ake rubuta mata umarni kai tsaye da wani yare da ta kira PowerShell. Ta ɗan taɓa shi a makaranta, tana kuma amfani da shi a shago in aiki iri ɗaya ya yi mata yawa. Ni ban gane rabin abin da ta faɗa ba. Na dai ce mata, ɗiyata, in wannan abin zai sa ubanki ya gaya ma yaron nan na Katsina ba inda za shi, ni zan riƙa kai shi caji. Haka kuwa aka yi, kullum ni ke rungumar ta zuwa wajen mai sola a bakin kasuwa, 'yan rumfa na tsokanata wai na zama injiniya da tsufana.

Dabarar da ta yi ita ce, haruffa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, manya-manya, kowanne ya ɗan tsaya ya wuce. In wanda Nata'ala ke so ya fito, sai ya bugi dogon maɓallin nan na ƙasa da gefen hannunshi, don shi kaɗai hannun ke iya samu. Na'urar ta ajiye harafin, a sake farawa. Ranar gwajin farko muna zaune ni da ita da Dada. Ya daɗe yana kallon allon kamar mai duba haƙoran saniya, sannan ya buga. Ya jira, ya sake bugawa. Da ya gama, abin da ya fito shi ne r a sama, u a ƙarƙashinta, w a ƙarƙashin wannan, a kuma can ƙasa. Suwaibatu ta karanta, Dada ta tashi da sauri ta kawo ruwa. Ya sha, hawaye na bin gefen fuskarshi. Wannan ce kalmarshi ta farko tun ranar masallaci.

Ni na ɗauka an gama, har na fara shirin aika ma Abdulgafar saƙo ta bakin direba. Suwaibatu ta ce ba a gama ba. Harafi huɗu ana iya bin su daga sama zuwa ƙasa, amma magana mai tsawo za ta zarce allon ta ɓace, ba mai iya karantawa.

"Baba," ta ce mani, "a wajen na'urar nan wannan ba ruwa ba ne. Abu huɗu ne daban-daban, kowanne a ɗaure a turkenshi. Ba ta san 'yan gida ɗaya ba ne sai an ce mata ta kwance su ta haɗa."

Na ce to ki gaya mata mana, mi kike jira? Ta ce ai kalmar da ake gaya mata ɗin ce ta shige mata, kuma ba wanda za ta kira ta tambaya. Ta yi kwanaki tana tono a cikin bayanin da ke cikin na'urar, duk da Turanci, goyo a baya, tukunya a wuta. Gwajin da ta fara yi ya jero haruffan a layi ɗaya amma da tazara tsakaninsu, kamar haƙoran tsoho. Ta ce ba haka take so ba. Sai wata rana da hantsi na shigo na tarar tana murmushi ita kaɗai. Ashe ta gano ta. Kalma ce guda, join, da ɗan karan layi a gabanta. In ka miƙa mata jerin haruffa ka ce kada ta sa komai a tsakani, sai ta manne su su zama magana guda. Ta nuna mani, ga ruwa nan a haɗe, yadda kowa ke rubuta shi. Na ce yanzu duk wannan wahalar a kan kalma guda? Ta ce ai kai ma Baba wuni kake yi a kara kana neman a ce an sallama. Ɗiyar Nata'ala ce, ba a kayar da su a magana.

Sai wata matsalar ta ɓullo. Da ya rubuta magana mai ɗan tsawo sai ta fito a cure, ba ka sanin inda wannan kalma ta ƙare waccan ta fara. Sai ta sa gurbi, wato fili ba komai, a cikin jerin haruffan, shi ma ya zama abin da ake zaɓa. Ta ƙara alamar gogewa, don rawar hannu kan sa ya bugi abin da bai yi niyya ba. Na tambaye ta mi ya hana ta riƙa manne kowane harafi da zarar ya buga, kowa ya huta. Ta ce muddin suna nan kowanne a gurbinshi, yana iya cire na ƙarshe ya sa wani, ciniki bai faɗa ba ke nan. Sai ya zaɓi alamar ƙarshe, wadda ta rubuta ma "na gama", sannan a haɗa. Ta kuma sake jerin, ta kawo a da i da u da n da k gaba, don ta lura su suka fi yawa a bakinmu, kada ya riƙa dogon jira.

To a nan ne muka ɓata abin, mu mutanen gida da masu zuwa dubiya. Haruffan da ya zaɓa suna bayyana a gefen allo tun kafin a haɗa su, don ya ga inda ya tsaya. Mu ma muna gani. Kuma abin akwai jinkiri, jama'a, jinkirin da zai sa ka gyangyaɗi da rana tsaka. Ya bugi k, ya bugi u, sai wani ya ce kunu yake so, a kawo kunu. Ya bugi s da a da l, sai a ce lokacin salla yake tambaya. Ni na fi kowa sauri, kuma ba yabon kai ba, sau da yawa daidai nake faɗa, don na san mutumin nan kamar yunwar cikina. Mi ye laifina in na rage mashi wahala? Hannu na rawa, gumi na keto mashi, ga ni na san abin da zai ce, sai in naɗe hannu in zuba mashi ido? Har gasa muka riƙa yi da maƙwabcinshi Kamilu tela, wa zai riga cankowa, muna dariya muna ganin muna ɗebe mashi kewa.

Ran nan ya bugi harafi biyu kacal na riga na faɗi sauran. Ya dube ni da idon nan nashi, ya ɗaga hannun ya ture na'urar, saura kaɗan ta faɗo ƙasa. Daga ranar ya daina taɓa ta. A kawo ta gabanshi ya rufe ido. Ga kaka ta kama, an cire masara, gero ya shiga rumbu, dawa kaɗai ta rage a gona, ko yaushe mota na iya tsayawa a ƙofar gida. Hankalina ya tashi. Na zauna gefenshi na yi lallashi, na yi zagi irin namu na abokai, na ce mashi in ya ci gaba da wannan taurin kan zai tsinci kanshi a Katsina yana kallon silin. Ko gezau.

Suwaibatu ce ta tare ni a zaure ina shirin fita. Ta durƙusa yadda ta saba, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Baba, don Allah kada ka ji haushi. Ba ku barin shi ya yi magana."

Na ce ni? Ni da nake kai abin nan caji kullum?

"Kai ka fi kowa, Baba. Abin da kuke cankowa abin da kuka riga kuka sani ne. In yana da maganar da ba ku sani ba, ta ina za ta fito?"

Na ji haushi kuwa, ba kaɗan ba. Na fita ban yi mata sallama ba, na kwana biyu ban leƙa gidan ba. A raina ina cewa yarinyar da aka raɗa ma suna a gabana, ni na riƙe ƙafar ragon, ita ce yau za ta koya mani zama da Nata'ala. Amma ƙafata ta saba da hanyar, kuma rumfa ba kasuwa, zaman ya ishe ni. Na koma.

Na tarar ta canza abin. Yanzu in ya bugi harafi ba ya fitowa, ɗigo kawai ake gani. Haruffan suna can ciki a ɓoye, kowanne a gurbinshi, mu ko mun hango wanda ya buga ba mu iya riƙe jerin a ka, sai shi, har sai ya bugi "na gama" sannan a haɗa su su fito gaba ɗaya. Na ce to shi ta yaya zai tuna inda ya tsaya? Ta ce mutumin da ke riƙe cinikin rabin kasuwa a ka, ba shi ne zai manta harafi ba. Ta sunkuya ta yi mashi bayanin abin da ta yi. Sai ya buɗe ido. Muka zauna muna kallon ɗigo na ƙaruwa, ba mai abin cewa, don ba abin da za a kama. Bakina har ƙaiƙayi yake yi. Can da jimawa sai magana ta fito a layi ɗaya: kunun nan ba tsamiya. Dada ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ashe duk ranakun da muke ganin k da u mu sa a ruga a damo kunu, ƙorafi mutumin ke son yi.

Daga nan muka shiga wani irin zama da ban taɓa yi da shi ba. Shekara da shekaru muna tare, amma kullum cikin hayaniya, yana magana ina magana, kowa na jiran ɗan'uwanshi ya ja numfashi ya faɗa. Yanzu dole in zauna in jira, ban san inda ya nufa ba. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin abin da ke fitowa ba wanda zan iya cankowa ba ne. Ya tambayi wani Bafillace da muka daɗe ba mu gani ba, ko ya tsira da garkenshi. Ya ce a gyara katangar baya kafin damina. Ya ce mani hulata ta tsufa in daina ba shi kunya. Wata rana ya rubuta cewa yana jin tsoro, bai ƙara komai ba, muka zauna a haka har aka kira azahar. Nakan koma gida ina tunanin sau nawa a rayuwa na katse mutum don na ɗauka na san ƙarshen maganarshi, kuma mai yiwuwa na sani ɗin, amma ba tawa ba ce da zan faɗa.

Ya kuma ce Suwaibatu ta koma ɗakinta, ta daɗe. Ta nuna mani yadda ake kunna abin ta tafi Ƙanƙara. Gidan ya rage daga shi sai Dada. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ɗaga shi ta jingina shi da bango kafin mu zo hira. In ka tambaye ta ya mai jiki, ya ɗawainiya, sai ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Maganar Katsina kuwa bai taɓa ta ba. Na so in tsokano shi, sai in tuna da abin da ɗiyarshi ta gaya mani a zaure in haɗiye. Amma ban damu ba, don a kaina na riga na gama haɗa amsar. Na san zai ce ba inda za shi, kuma na san ma irin gatsen da zai yi ma yaron.

Ana gama yankan dawa Abdulgafar ya iso, ya biyo ta Ƙanƙara ya ɗauko ƙanwarshi. Bayan la'asar muka taru a ɗakin, shi a durƙushe gaban gado, Suwaibatu riƙe da na'urar, Dada tsaye a bakin ƙofa. Yaron ya buɗe baki zai ce Baba in ka yarda, Suwaibatu ta girgiza mashi kai, ta ce ba tambaya, a bar shi ya faɗi tashi. Ni kuma na sa baki da ƙarfina. Na ce kafin a fara, Abdulgafar ya yi alkawari a gaban kowa cewa duk abin da ya fito a allon nan shi za a yi, ba ragi ba ƙari. Ya yi alkawarin. Na ce kuma ni zan karanta, don ni ne abokinshi. Na gyara zama ina jin daɗi, har ina tausayin yaron.

Ɗigo ya fara fitowa. Ya ƙaru, ya ƙaru, sai kuma ya ragu, ya goge wasu. Ya tsaya yana numfashi. Ya sake farawa. Abdulgafar bai saba da wannan jiran ba, yana ta murza yatsu. Rana ta sauka daga kan gado ta koma bango. Da alamar "na gama" ta zo, na ga hannunshi ya ɗaga, sai ya bar ta ta wuce. Muka jira haruffan suka sake zagayowa tun daga farko, bai taɓa ko ɗaya ba. Da ta sake zuwa ya buga.

Na karanta a zuci tukuna. Na sake karantawa. Wallahi da ban yi wancan cika bakin ba, da na ce idona ba ya gani. Amma ni na ce zan karanta, kuma yana kallona. Na karanta da ƙarfi yadda ya rubuta:

"Ku kai mu Katsina. Uwarku ta gaji."

Nata'ala da bai taɓa ambaton Dada a gaban 'ya'yanshi ba tun da nake da shi. Abdulgafar ya sunkuyar da kai ƙasa, Suwaibatu ta juya fuska. Daga bakin ƙofa Dada ta yi magana, murya can ƙasa.

"Ni ban ce na gaji ba."

Ta saki labule ta tafi madafi. Na dubi abokina, ya dube ni. Na so in ce haba Nata'ala, ni fa? Kasuwa fa? Raina ya ɓaci, na ji kamar ya sayar da ni. Amma kullum ina gidan nan, kullum ina tarar da shi a wanke, a jingine, ɗaki a share, kuma ban taɓa tambayar kaina da wane ƙarfi tsohuwar nan ke ɗaga ƙaton nan ita kaɗai ba. Shi da ke kwance ba baki ya gani. Abin da na iya cewa kawai shi ne na ji.

Washegari da safe ni da Abdulgafar muka ɗauke shi muka sa a bayan mota. Sai da na ɗaga shi na san nauyinshi, bayana har ya amsa. Dada ta shiga ta zauna gefenshi, ta jingina kanshi da kafaɗarta. Ana ta ɗaure kaya a saman mota, matan unguwa sun fito ban kwana, Kamilu tela na ba direba shawarar hanyar da bai tambaya ba. Kafin a gama ɗaure buhun ƙarshe Dada ta yi barci a zaune, baki a buɗe, hannunta ɗaya riƙe da rigarshi. Wata maƙwabciya ta miƙa hannu ta taga za ta tashe ta su yi sallama, Nata'ala ya ɗaga hannun hagu yana rawa. Na matsa na janye matar, na yi ma kowa alama ya yi shiru.

Na zo da maganganu cike da baki, tun a hanya nake shirya su, na tsiya da na gaskiya. Ban faɗi ko ɗaya ba, don muryata ba ta san a hankali ba. Na zura hannu ta taga na kama nashi, ya matse nawa iya ƙarfin da ya rage mashi. Motar ta tashi a hankali, na bi ta da ƙafa har bakin titi ina leƙawa. Dada ba ta farka ba.